Gidauniyar Bincike ta Jami'a a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi kan Masu Riƙe Kuɗin Bincike

Malamin jami'a a Zariya ko Yamai kan yi watanni suna musayar wasiƙu da wani farfesa a Amurka, su rubuta takardar neman tallafi tare, Allah ya sa a dace. Ranar da yarjejeniya ta iso sai ya ga babu sunan jami'ar abokin aikinsa a samanta, sunan wata gidauniya ce da bai taɓa ji ba. Ɗalibin da ya tafi karatun digiri na uku ma haka: jami'a ce ta ba shi gurbi, amma takardar albashinsa wani suna daban take ɗauke da shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu wannan hali suka fi maimaitawa.

1. Mece ce gidauniyar bincike ta jami'a?

Ƙungiya ce mai rajistar kanta, mai asusunta da ma'aikatanta da hukumar daraktocinta, wadda aka kafa domin ta karɓi kuɗin bincike a madadin jami'a, ta riƙe, ta kashe bisa sharuɗɗan wanda ya bayar, sannan ta ba da lissafi. A dokar harajin Amurka tana ƙarƙashin sashe na 501(c)(3), wato sashen ƙungiyoyin da ba don riba aka kafa su ba. Ba ta koyarwa, ba ta ba da digiri, kuma ba ita ke zaɓar abin da malami zai bincika ba.

Fitaccen misali shi ne Research Foundation for SUNY. An kafa jami'ar jihar New York, wato SUNY, a 1948, gidauniyar kuma ta biyo baya a 1951, hedikwatarta tana birnin Albany. SUNY tana da harabobi 64, kuma kuɗin binciken da ke bi ta hannun gidauniyarta a shekara yana kai wa dala biliyan 1. Wanda ya san yadda fatoma yake a kasuwar shanu ko ta goro zai gane abin da sauri: dukiyar ba tasa ba ce, amma a hannunsa take kwana, shi ke tsaya wa baƙo, kuma shi ake kamawa idan lissafi ya ɓaci.

2. Me ya hana jami'ar riƙe kuɗin da kanta?

Dokokin jiha. Jami'ar gwamnati reshen gwamnati ce, don haka kuɗin da ya shiga asusunta yana bin tsarin baitulmali: saye sai an bi matakan kwangilar gwamnati, ɗaukar ma'aikaci sai an bi tsarin aikin gwamnati, kasafi kuma yana rufewa da ƙarshen shekarar kuɗi. Bincike ba ya jiran wannan. Tallafin shekara uku yana bukatar a ɗauki mataimaki cikin makonni, a sallame shi ranar da aikin ya ƙare, a sayi sinadari yau domin gwajin jibi. Shi ya sa aka gina wata ƙofa a gefe, wadda kuɗin zai bi ba tare da ya ratsa baitulmalin jiha ba.

Malaman jami'o'in tarayya a Najeriya ba sa bukatar dogon bayani a nan. Bayan an tilasta asusun bai-ɗaya na TSA a 2015, sun sha kuka kan yadda kuɗin da masu ba da tallafi na waje suka aiko yake maƙalewa. Ciwon da ya haifi gidauniyoyin Amurka ke nan tun shekaru da dama da suka wuce.

3. Kowace jami'a a Amurka tana da irinta?

A'a. Jami'o'i masu zaman kansu irin su Harvard da MIT ba sa bukata, domin su kansu ba reshen gwamnati ba ne; ofishi ne kawai a cikin jami'ar yake wannan aiki. Wasu jami'o'in gwamnati ma a cikin gida suke yi. Inda aka fi ganin gidauniya shi ne jihohin da dokarsu ta matse: jami'ar birnin New York, CUNY, ta kafa tata a 1963, Purdue tun 1930, San Diego State a 1943, Georgia Tech kuma tana da Georgia Tech Research Corporation. Ko ofishi ne ko gidauniya, ƙa'idojin da za a bayyana daga tambaya ta 6 zuwa ƙasa kusan ɗaya ne.

4. Zan iya rubuta mata in nemi tallafin bincikena?

Wasiƙar za ta tafi a banza. Kalmar gidauniya ce ke ruɗar mutane, domin iri uku ne ake kira da suna ɗaya. Akwai masu bayarwa, kamar gidauniyar Gates, ko Wellcome ta Ingila da aka kafa a 1936, ko MacArthur wadda ta yi shekaru tana tallafa wa jami'o'in Ahmadu Bello, Bayero, Ibadan da Fatakwal. Akwai masu tara gudummawar tsofaffin ɗalibai da attajirai su juya ta kamar waƙafi. Sai ta uku, wadda muke magana a kanta: mai karɓa da riƙewa. Kuɗin da ke hannunta duk yana da mai shi da abin da aka ce a yi da shi.

Masu bayarwa na gaske su ne hukumomin tarayya kamar NIH mai kula da binciken lafiya da NSF mai kula da kimiyya, sai jihohi, kamfanoni da gidauniyoyin farko da aka ambata. Ɗan abin da gidauniyar bincike take rabawa daga aljihunta malaman jami'arta take ba wa. Hanyar da malamin waje yake shiga tana tambaya ta 12.

5. Idan ba ta neman riba, da me take biyan ma'aikatanta?

Rashin neman riba ba aikin sa-kai ba ne. Ma'anarsa babu masu hannun jari da za a raba wa rara a ƙarshen shekara. Abin da ya ragu dole ya koma kan manufar da aka kafa ƙungiyar dominta. Akantoci da lauyoyi da shugabanninta albashi suke ci, wasu ma mai tsoka. Abin da take gudanar da kanta da shi yana fitowa ne daga kuɗin ɗawainiya da ake ɗorawa kan kowane tallafi, sai ribar jarin da ta zuba da kuɗin lasisin ƙirƙire-ƙirƙire.

6. Menene wannan kuɗin ɗawainiya da ake cirewa? Na ji ana cewa rabin tallafin ne.

Kowane kasafin bincike gida biyu ne. Gida na farko shi ne abin da za a iya nunawa da yatsa a ce na wannan aikin ne: albashin mataimaki, sinadarai, tafiya, buga sakamako. Gida na biyu shi ne abin da kowane bincike yake amfana da shi amma ba za a iya yanka wa kowa nasa ba: wutar ɗakin gwaji, ruwa, gyaran gini, laburare, intanet, kwashe sharar sinadarai, albashin akantan da ke haɗa rahoto. Wannan gida na biyu shi ne kuɗin ɗawainiya. Ba jami'a ce ke yanka shi yadda ta ga dama ba. Zama ake yi da gwamnatin tarayya, galibi ma'aikatar lafiya, wasu jami'o'in kuma ofishin bincike na sojan ruwa, a duba littattafai a tsayar da kaso. A manyan jami'o'in bincike kason yakan faɗa tsakanin 50 da 60 da wani abu cikin 100.

Inda ake kuskure shi ne a kan me ake ɗora kason. Ba a kan jimillar tallafi ba ne, a kan gida na farko ne. A ɗauki misali: aiki na bukatar dala 100,000, kason jami'a 55 cikin 100. Za a ƙara dala 55,000, a nemi dala 155,000 daga mai bayarwa. Abin da ya tafi ɗawainiya bai kai kashi 36 cikin 100 na jimillar ba. Kuma ba kome ake ɗora wa ba. Manyan na'urori da kuɗin makarantar ɗalibai ba sa shiga lissafi. Idan a cikin dala 100,000 ɗin nan akwai na'urar dala 20,000, to a kan dala 80,000 za a ɗora, ɗawainiya ta zama dala 44,000.

Gidauniyoyi masu zaman kansu ba sa biyan wannan kaso. Gates, alal misali, ba ta wuce kashi 10 ga jami'o'in Amurka. Shi ya sa wani lokaci za ka ga ofishin bincike yana jan ƙafa kan tallafin da malami yake murna da shi: a ganinsu jami'a ce za ta cike gibin wuta da ruwa daga aljihunta.

7. Ba a taɓa cin amanar wannan kuɗin ba?

An taɓa, kuma labarin da kowa ke tunawa shi ne na Stanford. A farkon shekarun 1990 masu binciken kuɗi suka gano an cusa abubuwan da ba su da alaƙa da bincike a cikin lissafin ɗawainiya, har da wani jirgin ruwan shaƙatawa da hidimomin gidan shugaban jami'a. Majalisa ta yi zama a kai, shugaban jami'ar Donald Kennedy ya sanar da murabus a 1991. A wannan shekarar ce gwamnati ta ƙayyade cewa ɓangaren gudanarwa na kuɗin ɗawainiya ba zai wuce kashi 26 cikin 100 ba ga jami'o'i, kuma wannan iyaka ta daɗe tana aiki.

Rigimar ba ta mutu ba. A watan Fabrairun 2025 NIH ta sanar da cewa za ta mayar da kason kowa 15 cikin 100. Jami'o'i da jihohi suka garzaya kotu, wata kotun tarayya a Massachusetts ta dakatar da matakin. Ra'ayina shi ne ɓangarorin biyu kowa na da abin kamawa: wutar ɗakin gwaji kuɗi ce ta gaske, amma kuma malamai da yawa ba sa ganin inda kuɗin yake tafiya bayan an cire, kuma jami'o'i ba su cika damuwa da nuna musu ba.

8. Ni na rubuta takardar neman tallafin. Kuɗin ba nawa ba ne?

Ba naka ba ne. Tallafi ana ba wa hukuma ne, kai kuwa jagoran bincike ne da aka amince ya tafiyar da aikin. Ba ka da ikon sa hannu kan yarjejeniya, ba a zuba kuɗin a asusunka, kuma na'urar da aka saya ba ka tafiya da ita gida. Kai ne dai ke cewa a sayi kaza, a ɗauki wane, gidauniya ta duba ko sharuɗɗa sun yarda, ta biya.

Idan ka sauya jami'a, tallafin yakan bi ka, amma sai tsohuwar hukumarka ta rubuta cewa ta saki, mai bayarwa kuma ya amince. Haka idan za ka bar aikin fiye da wata uku, ko ka rage lokacin da ka yi alkawarin ba shi da kashi 25 cikin 100 ko fiye, sai an nemi izini tukuna.

9. Me gidauniya take yi kafin a samu tallafi?

Tana nemo sanarwar tallafi, tana taya malami haɗa kasafi, tana duba cewa albashi da alawus sun dace da ma'auni, kuma jami'inta mai izini ne yake danna maɓallin aikawa a shafin Grants.gov ko na hukumar da ake nema. Shi ya sa suke neman takardu kwanaki kafin ranar rufewa. Wanda ya kawo nasa da yammacin ranar ƙarshe ya yi wa kansa. Idan an dace, lauyoyinta ne ke zama kan sharuɗɗa, musamman da kamfanoni, waɗanda kan so su hana buga sakamako ko su mallake duk abin da aka gano.

Akwai kuma izinin da ba a taɓa ko sisi sai an same su: na kwamitin ɗa'a idan binciken ya shafi mutane, na kwamitin dabbobi idan ya shafi dabbobi, da takardar da malami zai bayyana ko yana da hannun jari a kamfanin da sakamakon zai amfana.

10. Bayan kuɗi ya shigo, wane irin kashewa ne ake ƙi?

Ƙa'idojin tallafin tarayya suna cikin kundi guda da ake kira 2 CFR 200, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2014. Tambayoyin da akanta ke yi wa kowane rasit ba su da yawa: doka ta halatta? Wannan aikin ne ya amfana? Farashin na hankali ne? An kashe a cikin wa'adin tallafi? Giya haramun ce a kundin, haka liyafa da nishaɗi, haka kyaututtuka. Tikitin jirgi da kuɗin tarayya dole ya kasance na kamfanin Amurka in dai akwai, bisa dokar Fly America, ko da na wani kamfanin ya fi araha.

Abin da ya fi jefa malamai cikin matsala ba sata ba ne, rance ne: kuɗin aiki ɗaya ya ƙare, sai a sayi kayansa da kuɗin wani aikin da niyyar a mayar. A wurin mai binciken kuɗi wannan laifi ne ko da an mayar. Abin da aka ƙi kuma gidauniya ce ke biya daga aljihunta, shi ne dalilin taurin kanta.

11. Ni ɗalibi ne da ake biya daga tallafi. Wa ya ɗauke ni aiki, jami'a ko gidauniya?

Duba takardar albashinka. A SUNY da CUNY wanda ake biya daga tallafi ma'aikacin gidauniya ne, ba ma'aikacin jiha ba, ko da tebur ɗaya yake zama da ma'aikacin jihar. Inshorar lafiyarsa, hutunsa da tsarin fanshonsa duk na gidauniya ne. Aikinsa kuma a ɗaure yake da tallafin: ranar da kuɗi ya ƙare, aiki ya ƙare. Saboda haka kafin ka karɓa ka tambayi malaminka ranar da tallafin zai ƙare da abin da aka tanadar maka bayan nan. Wani zangon za ka iya komawa koyarwa, jami'a ta riƙa biyan ka, takardunka su sauya gida.

Maganar biza da izinin aiki kuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'a ne ke da ita. Kada ka sa hannu kan wani sauyi ba ka leƙa can ba.

12. Ina koyarwa a Najeriya ko Nijar. Ta yaya kuɗin zai iso gare ni?

Ta hanyar ƙaramar yarjejeniya tsakanin gidauniya da jami'arka. Ba da kai ake ƙullawa ba (duba tambaya ta 8), don haka shugaban jami'a ko wanda ya wakilta ne zai sa hannu, ma'ajin jami'a kuma ya buɗe wa aikin lissafinsa daban. Za a nemi bayanin aikin da ɓangarenku zai yi, kasafi da hujjar kowane layi, wasiƙar amincewar jami'a, rahoton binciken kuɗi na shekarun baya, da lambar rajista ta UEI da ake samu a shafin SAM.gov, wadda ta maye gurbin lambar DUNS a Afrilun 2022. Wannan lambar takan ci lokaci idan sunan jami'a ko adireshinta ya bambanta tsakanin takarda da takarda, don haka a fara da ita. Idan binciken ya shafi mutane, izinin kwamitin Amurka bai wadatar ba, sai da na gida. A Najeriya kwamitocin suna ƙarƙashin NHREC, kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya.

Jami'arka ma tana da haƙƙin kuɗin ɗawainiya, kuma mutane da yawa suna barin sa saboda kunya ko rashin sani. NIH tana ba hukumomin waje kashi 8 cikin 100. A sauran tallafin tarayya, hukumar da ba ta da kason da aka tsayar mata tana iya neman kashi 15, wanda a da 10 ne kafin Oktoban 2024. A 2025 NIH ta sauya tsarinta na tura kuɗi zuwa abokan aiki na waje, saboda haka ka sa abokin aikinka ya tambayi ofishinsu abin da ke aiki a lokacin da kuke nema.

13. An sa hannu tun watanni, har yanzu ba mu ga ko dala ɗaya ba. Lafiya?

Mai yiwuwa lafiya lau, tsarin ne ba a yi muku bayani ba. Yawancin waɗannan yarjejeniyoyi na kashe-a-biya-ka ne: jami'arka ta fara kashe nata, ta aika takardar neman biya da hujjoji duk wata ko duk wata uku, sannan a mayar mata. Jami'ar Amurka tana da rarar da za ta yi haka. Jami'ar da ke fama da kuɗin dizal ba ta da ita, sai aiki ya tsaya kowa na jiran kowa.

Maganin shi ne a nemi kuɗin somin-taɓi tun lokacin tattaunawa, a rubuta shi cikin yarjejeniya: a ba da na wata uku, a kawo lissafi, a saki na gaba. Gidauniyoyi suna yarda idan an nema da wuri. Bayan an sa hannu kuwa sai an yi gyaran yarjejeniya, wanda shi ma tafiya ce. Sauran jinkirin daga gida yake tasowa: takardar neman biya da ba sa hannun ma'aji, ko kuɗi ya iso banki ya kwanta ba wanda ya sanar da malami.

14. Aikinmu a ƙauye ne. Mai babur ba ya ba da rasit, kuma ba a shiga gari ba a gai da mai gari ba. Yaya za mu yi?

Akantan da ke zaune a Albany bai san ɗan acaɓa ba, amma ya san takarda. Abin da ake yi shi ne a buɗe rajista: kwanan wata, daga ina zuwa ina, nawa aka biya, sa hannu ko dangwalen wanda ya karɓa, da sa hannun shaida. Haka ake yi wa masu fassara, masu rakiya da kuɗin motar waɗanda aka yi hira da su. A nuna wa gidauniya samfurin rajistar ta amince kafin a fita, ba bayan an dawo da buhun takardu ba.

Goron mai gari ya fi wuya. A wurinmu ladabi ne, wanda ya tsallake shi ma ba zai samu mai yi masa magana ba. A kundinsu kuwa kyauta ce, kyauta ga mai riƙe da muƙami kuma tana tayar musu da hankali saboda dokokin hana cin hanci. Kada a ɓoye shi a cikin kuɗin mai. Ranar da aka gano, amana ta zube gaba ɗaya. A bayyana shi a kasafi tun farko a matsayin hidimar shiga gari da ganawa da shugabannin al'umma, a faɗi kimarsa da dalilinsa. In sun yarda, shi ke nan. In sun ƙi, a biya daga kason ɗawainiyar jami'arku da aka ambata a tambaya ta 12, in ƙa'idarta ta ba da dama.

15. Idan darajar kuɗi ta sauya fa?

Yarjejeniya da dala ake rubuta ta, kuma dalar da aka rubuta ita ce iyaka. Waɗanda suka yi kasafi a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma sun ga ta haura 1,400 a farkon 2024. Nairar da ta ƙaru a hannu ba ganima ba ce, kuɗin aikin ce, kuma farashin kaya ma ya bi ta. A rubuta farashin canji na ranar da aka canza kowane kaso, a ajiye takardar banki. A Nijar sefa a ɗaure take da yuro, don haka motsin bai kai haka ba, amma dala da yuro su ma suna hawa da sauka.

16. Idan bincike ya haifar da ƙirƙira mai kawo kuɗi, ta wace ce?

Kafin 1980, abin da aka gano da kuɗin tarayya yakan zama na gwamnati, da yawa kuma su kwanta ba mai amfani da su. Dokar Bayh-Dole ta wannan shekarar ta ba jami'o'i damar mallaka, da sharuɗɗa: a sanar da hukumar da ta ba da kuɗi cikin wata biyu bayan malami ya kai rahoto, a yanke shawarar riƙewa cikin shekara biyu, a nemi rajistar haƙƙin mallaka, a raba kuɗin lasisi da wanda ya ƙirƙira, gwamnati kuma ta yi amfani da abin kyauta. A jami'o'i da yawa gidauniya ce ke riƙe rajistar, ta biya lauyoyi, ta nemo kamfanin da zai karɓi lasisi.

Abin kiyayewa ɗaya ne: ka kai rahoto kafin ka buga ko ka gabatar a taro. A yawancin ƙasashe, da zarar ka bayyana abu a fili, damar rajista ta tafi. In kuma aikin haɗin gwiwa ne, a duba sashen mallakar ƙirƙira a yarjejeniyar tambaya ta 12, a tabbata abin da malaman jami'arku suka gano bai koma na wani ba.

17. Akwai gidauniyar da wannan ya yi wa rana?

WARF, gidauniyar bincike ta tsofaffin ɗaliban jami'ar Wisconsin. Farfesa Harry Steenbock ya gano cewa haska abinci da wani nau'in haske yana ƙara masa bitamin D, maganin ciwon da ke lanƙwasa ƙasusuwan yara har ƙafa ta yi gwame. Kamfanin Quaker Oats ya yi masa tayin kuɗi mai yawa, ya ƙi sayarwa don kansa, ya nemi a kafa ƙungiyar da za ta riƙe haƙƙin ta riƙa mayar wa jami'a da amfanin. A 1925 tsofaffin ɗalibai tara suka ba da dala 100 kowanne, aka kafa ta. Daga baya ɗakin gwajin Karl Paul Link ya bi diddigin abin da ke sa shanu zubar da jini bayan sun ci ruɓaɓɓiyar ciyawa, aka samo sinadarin da ya fito a matsayin maganin ɓera a 1948, ya zama maganin hana daskarewar jini ga mutane a 1954. Sunansa warfarin, kuma haruffan farkon sunan daga WARF aka ɗauko su. Duk wanda likita ya taɓa rubuta masa shi ya haɗiyi sunan wata gidauniyar bincike bai sani ba.

Labarin yana da tabo. WARF ta ƙi ba masu yin man shafa burodi na tsirrai lasisin bitamin D, domin kare masu madara da man shanu na jihar Wisconsin, alhali talaka ne ke cin wancan man mai araha. A tsakiyar shekarun 1940 kotu ta soke haƙƙin, ta kuma caccaki wannan hali. Sannan WARF tsuntsu ne guda a cikin dubu: yawancin ofisoshin lasisi da ƙyar suke mayar da kuɗin lauyoyinsu.

18. Wa ke sa wa gidauniyar ido?

Hukumar daraktocinta, wadda ta haɗa mutanen jami'a da na waje. Sai binciken kuɗi na shekara-shekara da doka ta wajabta wa duk hukumar da ta kashe kuɗin tarayya dala miliyan 1 ko fiye. Kafin Oktoban 2024 iyakar dala 750,000 ce. Sai sufetocin hukumomin da suka ba da kuɗi. Sai fom na 990 da take miƙa wa hukumar haraji duk shekara, wanda kowa zai iya karantawa a intanet, har da albashin manyanta.

Duk da haka akwai suka mai tushe: ƙofar da aka buɗe don sauri tana iya zama ƙofar kauce wa idon jama'a, tunda gidauniya takan ce ita ba hukumar gwamnati ba ce idan ɗan jarida ya nemi takardu. A California sai da aka yi doka a 2011 ta buɗe littattafan gidauniyoyin jami'o'in jihar, bayan ce-ce-ku-ce kan kuɗin da ɗaya daga cikinsu ta biya 'yar siyasa Sarah Palin don ta yi jawabi a 2010.

19. Wa'adi ya zo ƙarshe, aiki bai kammala ba, ga kuɗi ya rage. Mu yi sauri mu kashe?

Kada ku yi. Sayen kwamfutoci da na'urori a makonnin ƙarshe shi ne abin da mai binciken kuɗi yake fara dubawa, domin abin da aka saya ana gobe rufewa bai amfani aikin ba (duba tambaya ta 10). Abin da ake nema shi ne ƙarin lokaci ba ƙarin kuɗi. A yawancin tallafin bincike na tarayya ana samun har wata 12 a karon farko ba tare da wahala ba, muddin an nema kafin ranar ƙarewa kuma dalilin shi ne aiki ya rage, ba kuɗi ya rage ba. Ku da kuke kan ƙaramar yarjejeniya sai ku sanar da abokin aikinku da wuri, domin naku ƙarin ba ya yiwuwa sai nasu ya samu.

Idan an rufe, gidauniya tana da kwana 120 ta miƙa rahoton ƙarshe na kuɗi da na aiki, don haka ku za a ba ku ƙasa da haka. Ranar tana rubuce a yarjejeniyarku, kuma takardar neman biya da ta zo bayanta tana iya rasa mai biya. Abin da ba a kashe ba yana komawa ga mai shi. Rasit, rajistar ƙauye da takardun banki kuma a adana su aƙalla shekara uku bayan rahoton ƙarshe, a wurin da gara da ruwan damina ba za su kai gare su ba.